KWALEJIN BAREWA: DARASI GA ƊALIBAN SAKANDARE A KAN ZAMAN TARE DA MA'ANAR NASARA

 

Maudu'in wannan zama shi ne rayuwar ɗalibi a makarantar sakandare, musamman ta kwana, da kuma abin da ake kira nasarar ɗalibi. Galibin matasan da ke sauraro, ko dai suna sakandare yanzu, ko ba su daɗe da barinta ba, ko kuwa suna da ƙanne a cikinta. Saboda haka magana ce da ta shafi kowa kai tsaye. To, maimakon a yi ta magana a sama, ya fi kyau a ɗauki makaranta guda ɗaya wadda kowa ya san sunanta, a buɗe tarihinta a duba. Wannan makaranta ita ce Kwalejin Barewa da ke Zariya.

Me ya sa ita? Saboda mutum biyar daga cikin waɗanda suka riƙe ragamar Nijeriya sun zauna a azuzuwanta. Akwai Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Janar Yakubu Gowon, akwai Janar Murtala Muhammad, akwai Alhaji Shehu Shagari, sannan akwai Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ban da su ga Firimiyan Jihar Arewa, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Da wuya a sami wata sakandare a ƙasar nan da za ta jera irin waɗannan sunaye. To, tambayar ita ce, me aka ba su a can? Gini ne ya fi na kowa? Abinci ne? Ko kuwa dama can an zaɓo masu kaifin ƙwaƙwalwa ne kawai? Sannan tambaya ta biyu, wadda ta fi nauyi: shin jerin manyan muƙamai shi ne ma'aunin nasarar makaranta?

ASALINTA DA HADAFIN KAFA TA

Da farko dai, ba a Zariya aka haife ta ba. A Katsina aka kafa ta a shekarar 1921 a matsayin kwalejin horon malamai, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A lura da shekarar sosai. Turawa sun ci Sakkwato da yaƙi a 1903. Ke nan shekara 18 kacal bayan faɗuwar Daula aka kafa wannan kwaleji. Iyayen yaran farko da aka kai can sun ga zuwan Nasara da idanunsu. A Ikko kuwa, tun 1859 'yan mishan suka buɗe sakandarensu ta farko. Wato akwai ratar shekara 62 tsakanin nan da can.

An zaɓi Katsina saboda dalilai biyu. Na farko, tsohon gari ne na ilimi, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, don haka iyaye za su ɗan fi sakin jiki. Na biyu, tana nesa da layin dogo da hayaniyar manyan garuruwan ciniki, inda baƙin ra'ayoyi ke shigowa.

Hadafin Turawa a bayyane yake. Suna bukatar malaman da za su koyar a makarantun larduna, suna kuma bukatar ma'aikatan da za su riƙe wa En'e littattafanta. Sun riga sun ga abin da ya faru a Ikko, inda 'yan boko suka buɗe jaridu suna caccakar Gwamna, kuma ba su son a maimaita haka a Arewa. Abin da suke so shi ne ɗan boko mai ladabi, wanda zai iya Turanci da lissafi, amma ba zai ɗaga murya a gaban Razdan ko Sarki ba. Shi ya sa aka bar ɗalibai da rigunansu da hulunansu na gida, aka kuma sa malaman Larabci da addini a cikin masu koyarwa. A riƙe wannan magana, domin za a dawo kanta.

A 1938 aka ɗauke kwalejin zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, inda ta zauna. Sunan Barewa kuwa a 1971 aka raɗa mata shi. Tsohon ginin na Katsina an mayar da shi gidan tarihi. Ginin ƙasa ne da azara, irin na gidajen cikin birni. Duk wanda ya je ya gani zai gane cewa amsar tambayar farko ba ta cikin gini. A ɗakunan ƙasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

ZAMAN TARE

To, idan ba gini ba ne, mene ne? 'Yan uwa, sirrin yana cikin yadda aka tsara zaman yaran da junansu. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a duba.

Abu na farko, lamba. Duk ɗalibin da ya shiga wannan kwaleji ana ba shi lamba, kuma lambar tana bin jeri ne tun daga ɗalibin farko na Katsina. Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, lambarsa 145. Yakubu Gowon lambarsa 783. Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Mahaifin Abubakar ma'aikaci ne a gidan hakimi a ƙasar Bauchi. Gowon kuwa ɗan mai wa'azin Kirista ne, Ba'angashe, wanda ya tashi a Wusasa. A waje, tsakanin waɗannan gidaje akwai tazara mai yawa. A cikin makaranta kuwa lamba ba ta san ɗan wane ba. Abin da ta sani shi ne wa ya riga wa zuwa. Har bayan sun tsufa, tsofaffin ɗaliban kan gabatar da kansu da lambarsu, mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da kuwa mai babbar lamba ne ke riƙe da ƙasa.

Abu na biyu, gida. Yaran sun fito ne daga larduna daban-daban: Sakkwato, Barno, Bauchi, Adamawa, Neja, Ilori, Kano, Zazzau. A zamanin Katsina, wasu kwana da kwanaki suke yi a hanya kafin su iso. Da Babarbare da Banufe da Bafillace da Bayaraben Ilori da Bahaushe, duk aka zuba su wuri ɗaya, shekara biyar suna kwana tare, suna ci tare, suna rashin lafiya tare. Yaron da bai taɓa fita lardinsu ba sai ga shi ya san yadda mutumin Yerwa ke gaisuwa, ya san abin da ke ɓata wa mutumin Bida rai. Natijar wannan ta fito fili a shekarun 1950 da 1960, lokacin da aka fara miƙa mulki. Aliyu Makaman Bida ya riƙe kuɗin Jihar Arewa, Isa Kaita ya riƙe ilimi, Kashim Ibrahim na Barno ya zama Gwamna a 1962, Sardauna yana Firimiya. Dukkansu 'yan Kwalejin Katsina ne. Ba a teburin majalisa suka fara sanin juna ba. Kowa ya san halin kowa tun suna samari.

A Zariya, gidajen kwanan ɗalibai suna da sunaye, kuma sunayen kansu darasi ne. Akwai gidan Lugga da gidan Clifford. Akwai gidan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. A gefe guda kuma akwai gidan Bello Kagara da gidan Nagwamatse, malamai 'yan ƙasa da suka koyar a Katsina. Ka ga ke nan yaro zai iya kwana shekara da shekaru a gidan da ke ɗauke da sunan mutumin da ya ci ƙasar kakanninsa da yaƙi, alhali maƙwabcinsa yana gidan da ke ɗauke da sunan malamin Larabci. Ruwa biyu ne suka haɗu a wannan makaranta, kuma kowane ɗalibi ya sha daga duka biyun, ko ya sani ko bai sani ba.

Abu na uku, wasa. Turawan da suka koyar a can sun ɗauki filin wasa da muhimmanci kamar aji. An yi kurket, an yi ƙwallon ƙafa, an yi guje-guje da tsalle-tsalle. Akwai kuma wani wasa da suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, wato ƙwallon bango, inda ake dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a cikin fili mai bango uku. Mutum biyu ne ke karawa da mutum biyu. Abin lura a wannan wasa shi ne ba shi da alƙali. 'Yan wasan ne da kansu ke yanke hukunci. Idan ƙwallo ta faɗi sau biyu kafin ka doke ta, kai ne za ka faɗa da bakinka, ko da abokin karawarka bai gani ba. Sardauna ya riƙe wannan wasa har girmansa, ya kuma yaɗa shi a garuruwan Arewa. To, a yi tunani. Yaron da ya saba da faɗin gaskiya a kan kansa a wurin da babu mai tsaronsa, an koya masa wani abu da ba a rubuta shi a allo.

Abu na huɗu, malamai. Ɗalibai kaɗan ne, malamai kuma suna zaune a cikin makaranta. Malami ya san kowane yaro da sunansa, ya san inda yake da rauni. Ana gyara wa yaro lafazi kalma bayan kalma, har ta kai ana gane ɗan Kwalejin Katsina da jin Turancinsa kawai. Muryar Tafawa Ɓalewa da duniya ta yi ta yabo a nan aka goge ta. Malam Bello Kagara kuwa ya yi shekaru yana koyar da Larabci da addini a kwalejin, kafin daga baya ya zama alƙali a Katsina.

ABIN DA ƊALIBAN SUKA YI

Yanzu a duba 'ya'yan da wannan itaciya ta haifa, kuma a fara da alƙalami kafin mulki.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikin littattafai biyar da aka buga daga wannan gasa, aƙalla uku sun fito ne daga mutanen wannan kwaleji. Abubakar Imam, wanda ya gama a 1932, ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa kuma malamin kwalejin, Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Imam da Abubakar a lokacin samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Da Turanci aka koyar da su, amma da Hausa suka rubuta abin da ya wanzu. Imam ya ci gaba ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A fagen karatu zalla, akwai Iya Abubakar daga Adamawa, wanda ya wuce Ibadan ya fita da daraja ta ɗaya a lissafi, ya yi digirin dokta a Kambirij, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Akwai Jibril Aminu, shi ma daga Adamawa, wanda ya gama karatun likita a Ibadan a 1965, ya zama ƙwararren likitan zuciya, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri. A fagen shari'a akwai Muhammadu Lawal Uwais da Idris Legbo Kutigi, waɗanda kowannensu ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya. A 2007, lokacin da aka rantsar da Umaru 'Yar'aduwa, Kutigi ne ya ba shi rantsuwa, sannan Uwais ne ya jagoranci kwamitin gyaran zaɓe da ya kafa. Makaranta ɗaya ce ta haɗa su ukun.

A filin wasa, Gowon shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon makaranta, ɗan tseren dogon zango ne, kuma kyaftin ɗin 'yan dambe. Murtala yana cikin ƙungiyar ɗalibai masu horon soja, kuma a shekararsa ta ƙarshe shi ne kyaftin ɗin masu harbi. Wato abin da kowannensu ya zama daga baya, alamarsa ta fara bayyana tun a makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ƊAYA GEFEN LABARIN

To amma 'yan uwa, idan aka tsaya a nan an yi rabin magana. An faɗa ɗazu cewa hadafin Turawa shi ne su samar da ɗan boko mai biyayya. Shin sun samu? Sun samu, kuma ba su samu ba.

Daga wannan kwaleji Malam Sa'adu Zungur ya fito. Ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a 1934, ya dawo Arewa ya zama ƙaya a maƙogwaron Turawa da En'e, da bakinsa da waƙoƙinsa, har ya rasu a 1958. Daga cikinta Malam Aminu Kano ya fito. Ya shiga a 1937, ya gama a Kaduna a 1942, kuma tun yana ɗalibi yake tsara wasannin kwaikwayo da ke tona asirin zalunci da cuta a cikin al'umma. Da aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, sai ya haɗu da Sa'adu Zungur da Tafawa Ɓalewa, suka riƙa zaman tattaunawa inda ake yi wa hukuma tambayoyin da ba ta saba ji ba. A 1950 Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi NEPU, jam'iyyar talakawa. A wannan shekarar dai, Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Turancin da aka koya masu domin su rubuta wa Di'o rahoto, da shi suka tuhumi Di'o. Wanda ya wasa wuƙa ba shi ke da ikon abin da za ta yanka ba.

Daga nan hanyoyi suka rabu. Sardauna da Tafawa Ɓalewa suna NPC, Aminu Kano yana NEPU, magoya bayansa suna shan ɗauri da bulala a kotunan En'e. Makaranta ɗaya, malamai kusan ɗaya, amma fahimta ta sha bamban. A ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari, dukkansu tsofaffin ɗalibanta. A watan Agustan wannan shekara Gowon ya hau mulki yana ɗan shekara 31, ya jagoranci ƙasar a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A watan Yulin 1975 aka hamɓarar da shi yana taro a Kampala, kuma wanda ya gaje shi ƙanensa ne a makaranta, Murtala. Shi ma Murtala aka kashe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, bayan wata shida da 'yan kwanaki a kan mulki. A zaɓen 1979, mutum biyar suka nemi shugabancin ƙasa. Uku daga cikinsu, Shehu Shagari da Aminu Kano da Waziri Ibrahim, 'yan Kwalejin Kaduna ne, kowa da jam'iyyarsa.

Me wannan ke nunawa? Yana nuna cewa makaranta tana ba mutum horo, tana ba shi abokai, tana ba shi harshe da ƙarfin hali. Amma ba ta zaɓa masa ɓangaren da zai tsaya. Wannan zaɓi nasa ne, kuma shi za a tambaya a kansa.

Sannan akwai wata magana mai ɗaci da dole a faɗe ta. Kwalejin ta cika shekara 100 a 2021. A cikin wannan ƙarni, yankin da ya samar da waɗannan shugabanni shi ne har yanzu ke da miliyoyin yaran da ba su zuwa makaranta. Makarantun gwamnati da yawa, ɗalibai a ƙasa suke zama, aji ɗaya ya cika ya batse, malami yana bin bashin albashi. Da yawan masu muƙami shi ne ma'aunin ci gaba, da Arewa ta wuce kowa. Ashe ke nan lissafin "makaranta kaza ta fitar da gwamna kaza da minista kaza" bai isa ba. Dole a ƙara tambaya: da suka hau, me ya canza a rayuwar talaka?

Ku duba waɗanda mutane ke ambata da alheri har yau. Ana tuna Sardauna da Jami'ar Ahmadu Bello da ya kafa a 1962, da yadda ya riƙa bi makaranta-makaranta yana zaburar da yara. Ana tuna Tafawa Ɓalewa da cewa ya riƙe ƙasa bai tara dukiya ba. Ana tuna Aminu Kano da ɗan gidansa na Gwammaja, wanda ƙofarsa ke buɗe ga kowa har ya rasu a 1983. Ana tuna 'Yar'aduwa da cewa ya bayyana kadarorinsa a fili, ya kuma amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Wannan na ƙarshe ai shi ne ƙa'idar wasan nan marar alƙali: ka faɗi gaskiya a kan kanka. Kuma a lura, su huɗun nan duk da alli suka fara. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano a Bauchi, 'Yar'aduwa ya koyar da kimiyya. Haka Shagari, malamin kimiyya ne a Sakkwato kafin siyasa. Ba su ga koyarwa a matsayin aikin wanda ya rasa abin yi ba.

ABIN DA YA RAGE GA ƊALIBIN YAU

La'alla wani zai ce, ai wannan zamani ya wuce, makarantar da yake ba ta da ko kujeru, balle malamin da zai san sunansa. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a kan hukuma da iyaye su gyara, haƙƙi ne kuma a ci gaba da tuna masu. Amma daga cikin abubuwa huɗun da aka lissafa, yawancinsu ba kuɗi suke bukata ba. A hannun ɗalibai suke.

Na ɗaya, babban ɗalibi ya san cewa girma amana ce. Abin da ke faruwa a makarantun kwana da yawa, inda ɗan aji shida zai ƙwace wa ɗan aji ɗaya gari da sukari, ya sa shi wanki har dare, ya dake shi da sunan horo, wannan zalunci ne, ko da an ce al'adar makaranta ce. Wanda ya saba danne na ƙasa da shi yana ɗan shekara 17, me ake zato zai yi idan aka ba shi ofis yana ɗan shekara 40? Azzalumin shugaba ba rana ɗaya yake tsira ba, a ɗakin kwanan ɗalibai yake fara koyon sana'arsa. Duk ɗan uwan da aka ba shugabancin gida ko na aji, ya zama inuwa ga ƙanana. Ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya riƙa duba littattafansu.

Na biyu, satar amsa. Yau an wayi gari ana tara kuɗi a aji domin a sayi amsar WAEC ko NECO, wani lokaci da sanin manya. Wanda ya yi wannan ya samu takarda, amma ya rasa abin da takardar ke shaida. Gobe shi ne ma'aikacin jinyar da zai ba da allurar da bai san aikinta ba, shi ne injiniyan da gadarsa za ta rufta. Gara sakamako matsakaici na gumin kai. Idan kowa a aji ya miƙa kuɗi, to a samu mutum uku ko huɗu da za su ce ba da su ba, su kuma dage da karatu har a ga bambanci.

Na uku, a kafa zaman karatu. Mutum biyar sun isa. Wanda ya iya lissafi ya koyar da lissafi, wanda ya iya Turanci ya koyar da Turanci, wanda ya iya Larabci ya koyar da Larabci. Sa'a ɗaya kullum bayan la'asar ko bayan isha'i, a ajiye waya a gefe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zaman tattaunawar Bauchi da ya girgiza En'e, ai 'yan malaman makaranta ne da ma'aikata suka fara shi, ba da wani jari ba.

Na huɗu, a faɗaɗa abota. Kada ɗalibi ya shekara shida bai da aboki sai ɗan unguwarsu. Ya san ɗan wani gari, ya san ɗan wata ƙabila, ya san wanda addininsu ya bambanta, ya yi masa adalci, ya nuna masa kyakkyawan hali. Amma a zaɓi abokin da kyau, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na biyar, a yi karatu fiye da abin da za a tambaya a jarrabawa, a kuma yi rubutu. A karanta tarihin ƙasar nan, a san abin da ya faru kafin 1903 da bayanta. Wanda bai san dalilin da ya sa aka gina ajin da yake zaune a ciki ba, zai iya fita ya yi wa wani aiki bai sani ba. Imam yana saurayi ya rubuta littafin da har yau ake karantawa a makarantu. Me zai hana ɗalibin yau ya fara da jaridar bango a makarantarsu?

Daga ƙarshe, 'yan uwa, shekarun sakandare shida ne kacal, kuma ba su dawowa. Yaran da suka shiga ɗakunan ƙasa na Katsina a 1921 ba su san za a riƙa ambaton makarantarsu bayan shekara ɗari ba. Sun dai tashi da ƙararrawa, sun yi karatu, sun yi wasa, sun zauna da juna. Daga baya kowa ya ɗauki abin da ya samu ya bi hanyar da ya zaɓa, kuma tarihi ya rubuta wa kowa nasa. Wanda ke aji a yau, shi ma ana rubuta nasa, tun daga yadda yake bi da ƙaramin yaron da ke kwana kusa da gadonsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ɗalibai ilimi mai amfani, ya sa su zama masu amfanar al'umma.